Zakanyar da Ke Jiran Ƙararrawa

Shekara arba'in da uku na yi ina aiki a gidan namun daji, na kuma fito da ƙafafuna biyu, da hannuwana biyu, da yatsu takwas. Cikin waɗanda muka fara tare babu mai iya faɗin haka: wasu tun watan farko suka ajiye tsintsiya suka gudu, sauran ƙasa ta rufe musu ido. Sunan da iyayena suka raɗa mini, ko matata sai ta yi tunani kafin ta tuno shi. Ragowar Zaki ake ce mini, daga mai gadin ƙofa har darakta, domin a shekarata ta tara da fara aiki wani zaki ya cafke ni a kafaɗa, ya ja ni daga wannan bango zuwa wancan, ya tafi da yatsu biyu, sannan ya gane naman ya fi ƙarfin haƙorinsa ya sake ni. Ɗinki sittin da huɗu aka yi mini. Ban ce uffan ba. Mai ɗinkin ne ya fita shan iska har sau biyu.

Ban taɓa zama a aji ba, amma na ga zuwan darakta shida, na ga tafiyar biyar, kowanne da tarin takardunsa. Sa'ad da na fara, keji ne jere da keji kamar shagunan bakin titi: daɓen siminti, sandunan ƙarfe, taku bakwai gaba, taku bakwai baya. Muna da wani ƙaton biri da muke sa wa kwat da hula, ya hau kujera ya sha shayi a kofi, 'yan kallo su miƙa masa sigari su fashe da dariya. Giwa da sarƙa a ƙafa tana zagaye da yara a bayanta tun safe har rana ta yi sanyi. In dabba ta kwanta, mai kallo gani yake an cuce shi, sai ya samo kara ya tsokane ta, mu kuma mu dubi wani gefe. Ba wai mugaye ba ne mu. Abin da aka ce mana shi ne aiki, shi muka yi, kuma babu wanda ya kama ƙafata a ciki.

Wannan zamani ya daɗe a wurinmu. A ƙarshe-ƙarshensa aka kawo wata zakanya 'yar shekara biyu a cikin akwatin katako. Aka ce a riƙa ce mata Baƙuwa kafin a samo mata suna. Shekara goma sha bakwai ke nan ba a samo ba.

Daraktan wancan lokaci yana neman abin da zai tara jama'a da ƙarfe huɗu na yamma, ni kuma na kawo dabarar, ba zan ɓoye ba. A jefa mata cinyar sa a gabanta, ta zauna tana kallo, miyau na zuba, ba za ta taɓa ba sai mai lasifika ya gama surutunsa na buga ƙararrawa sau uku, sannan ta dira a kai. Wata biyu na yi ina koya mata, da sandar ƙarfe da tiyon ruwan sanyi. Ta miƙa baki kafin ƙararrawa, sanda a hanci. Ta miƙa ƙafa, ruwa a ido. Shekara shida ana wannan wasa, wuri ya cika har mutane su ɗora yara a wuya. Hotona ya fito a jarida ina riƙe da ƙararrawar.

Sai darakta na biyar ya zo, wani siriri mai tabarau, ba ya ɗaga murya amma ba ya maimaita magana. Ya sa aka cire wa biri kwat. Giwa aka ɗora ta a babbar mota aka kai ta wani daji mai nisa inda akwai 'yan'uwanta. Ƙararrawata ya jefa a sito, ya tara mu ya ce duk wanda ya kama yana sa dabba wasa, a ranar zai ajiye makullai.

Kwana uku Baƙuwa ba ta ci ba. Nama a gabanta, tana kallo, tana jira. Ran na huɗu na duba hagu na duba dama, na ɗauki makullina na ƙwanƙwasa bakin bokitin ƙarfe yadda nake buga ƙararrawa: biyu a jere, a ɗan numfasa, sannan na uku. Kafin na sauke hannu ta hau kan naman. Tun daga ranar haka nake yi, a hankali, kamar mai gyara riƙon bokiti. Mutum ɗaya ne ya sani, abokin aikina Shiru-Shiru, Allah ya ji ƙansa, wanda ko ciwo yake yi sai dai ka gani a fuskarsa. In na tafi hutu shi ke yi. Da ya rasu na daina zuwa hutu, aka riƙa yabona da ƙwazo. Ran Litinin da ake rufe wurin nake kwana gida, ita ce kuma ranar da ba a ba manyan namun daji abinci don cikinsu ya huta. Haka muka yi shekara goma sha ɗaya babu wanda ya gane.

Da lokacin ritayata ya zo, aka haɗa ni da wanda zai gaje ni, wani mutum mai suna Dogo, ɗan shekara arba'in, mai takardar shaida har biyu a kan kula da dabbobi. Ya zo da fom ya zaunar da ni.

"Baba Ragowa, kilo nawa take ci?"

Na faɗa.

"Ƙarfe nawa? Wane magani take sha? Kashinta fa, sau nawa?"

Duk na faɗa, ya rubuta. A fom ɗin nan babu layin da aka ce me take jira kafin ta ci. Na buɗe baki zan faɗa, na tuna za a tambaye ni yadda aka yi ta koya, na rufe. Washegari aka yi mini walimar sallama a ƙarƙashin rumfa, Likita ta tashi ta yi jawabi. Likitar dabbobinmu ke nan, sa'ar 'yata ta uku ce, amma in ta yi magana har darakta gyara zama yake. Ta ce a duk ma'aikatan da ta gani, ni ne ban taɓa ɗaga wa dabba hannu ba, kowa ya yi koyi da ni. Aka tafa. Bayan irin wannan tafi, wa zai miƙe ya ce a dakata, akwai gyara? Na ce a raina yunwa za ta koya mata. Ai ba ta da wani malami da ya fi yunwa.

A makon nan kuma aka gama ginin sabon wurinta, aka lallaɓa ta ta shiga akwati da ƙafarta, aka mayar da ita can.

Ina gida, kullum ƙarfe huɗu ta yi sai in kasa zama. In fita ƙofar gida, in dawo, in duba waya ko an kira. Ran kwana na tara da safe ina zaune a tsakar gida ina shan shayi, sai ga sallamar Likita. Tsohuwata, uwar 'ya'yana, ta jawo mata kujera.

"Mama, aron mijinki na zo."

"Ɗauke shi, 'yata, ba sai kin dawo da shi ba. Tun da ya bar aiki ya hana ni sakat. Jiya har tukunyata ya buɗe yana tambaya kilo nawa na zuba."

Likita ta yi murmushi, amma bai kai ido ba. Ta juyo gare ni.

"Baba, Baƙuwa ba ta ci komai ba tun ranar da muka mayar da ita. Ruwa kawai."

"Kwana tara," na ce.

"Ka ƙirga ashe. Mun ce ko sabon wuri ne ya firgita ta, muka rufe shi ga 'yan kallo. Muka kawo kaza, muka kawo hanta da ɗuminta. Har tsohon kejinta muka mayar da ita kwana biyu, ko sunsunawa ba ta yi ba. Kwanciya take ta sa naman a gaba, miyau na zuba. Ina zargin haƙori ne ko wani abu a maƙogwaro."

"To yanzu me za ku yi?"

"Jibi da safe zan harba mata allurar barci in duba bakinta. Shekararta goma sha tara, ƙodarta ba ta da ƙarfi, ga yunwa. Ba zan yi maka ƙarya ba, tana iya ƙin tashi. Shi ya sa na ce ka zo ka gan ta."

Na ajiye kofin. Tun kalmarta ta farko na san ciwon, na san maganin. Abin da na ce kawai shi ne, "Bari in sa takalmi."

Sabon wurin ban taɓa ganin irinsa ba. Fili ne mai ciyawa, da duwatsu, da itace mai inuwa, babu sandar ƙarfe ko ɗaya. Rami mai ruwa ne ya raba ta da mutane, a gefe guda kuma gilashi mai kauri. Ta baya akwai ɗakin kwananta, da wata 'yar taga ta ƙasa inda ake tura nama. Nan na same ta. Haƙarƙarinta sun fito ana iya ƙirgawa. Ta kwanta, hancinta bai fi taƙi ɗaya daga naman ba, idonta a kansa, amma kunnuwanta duka biyu sun juya baya wajen ƙofa. Su miyau suka gani. Ni kunnuwan na gani.

"Kowa ya fita," na ce.

Dogo ya dubi Likita. "Doka ba ta yarda mutum ɗaya ya tsaya ba. Kuma Baba yanzu ba ma'aikaci ba ne."

"Dogo, ina wannan aiki kana rarrafe. In ta cinye ni ka rubuta a fom, kilo sittin da biyu, har da takalmi."

Likita ta ja shi suka fita. Na duba bokitan, duk na roba ne yanzu, shuɗi da ja. Akwai kyamara a saman ƙofa, amma na san ido gare ta, ba ta da kunne. Na ba kyamarar baya, na ciro makullin gidana, na ƙwanƙwasa sakatar ƙarfen tagar. Biyu a jere, na numfasa, na uku.

Ta miƙe tana rawar ƙafa, ta faɗa kan naman. Ƙarar ƙashi a bakinta ta cika ɗakin. Na mayar da makullin aljihu.

Da suka shigo, Dogo ya riƙe baki. Likita ta durƙusa tana leƙe, hawaye na zubo mata.

"Me ka yi mata, Baba?"

"Magana muka yi."

"Kewarka take yi," in ji Likita. "An rubuta irin wannan a littafi, amma ban taɓa gani ba. Don Allah ka riƙa zuwa kullum da yamma har ta saba. Zan yi wa darakta magana."

Aka soke allura. Kafin in kai bakin ƙofa labari ya riga ni. Mai gadi ya sara mini, mai sayar da ruwan sanyi ya ƙi karɓar komai a hannuna, masu shara suka ce dama sun faɗa, Ragowar Zaki yana jin yaren dabbobi tun ranar da yawun zaki ya shiga jininsa. Ban ƙaryata ba. Kwana goma na yi ina zuwa, in kori kowa, in yi abina, in fito ina gyara hula. Wata mata da ta kawo 'ya'yanta kallo ta tambaye ni ko gaskiya ne zakanyar ta yi yajin cin abinci saboda ni, na ce ai ba ita ce ta farko ba. Na ji daɗin kwanakin nan, ba zan yi musu ba.

Ran nan babbar 'yata ta zo da takardar asibiti. Dama an daɗe ana faɗa da ni a kan yanar da ta rufe mini idon hagu.

"Baba, ran Laraba za a yi aikin. Bayan haka mako biyu ba fita rana, ba sunkuyawa, ba shiga ƙura."

"A ɗaga."

"Sau biyu aka ɗaga. Likitan ya ce in aka ƙara, ba ruwansa."

"Akwai mai jirana ƙarfe huɗu."

Ta dubi uwarta, uwarta ta ce ta je kawai, za a zo. Da ta tafi, tsohuwa ta zauna kusa da ni tana tsince shinkafa a faranti, ba ta dube ni ba.

"Wai me kake yi wa dabbar nan ne da Dogo ba zai iya ba?"

"Sirrin aiki ne."

"Shekara arba'in ina wanke maka kakin aiki. Na san ranar da ka yi abin kirki, ba ka barin kowa ya yi barci da labari. Wannan kuwa kwana goma, ko sau ɗaya ba ka ba ni labarin yadda ka yi ba. Kai da in ka kashe sauro sai maƙwabta sun ji."

Na ɗauko waya na hau dubawa.

"Ni ban ce ka gaya mini ba. Amma kai da ita duk tsofaffi ne, ban san wanda zai riga wani ba. In kai ne, ita kuma sai ta bi ka da yunwa don kada a ce ka taɓa yin kuskure?"

"Ke dai ba ki san aiki ba."

"Ban sani ba. Miƙo mini wancan kwano."

Ran Talata na isa da wuri. Na ce wa Dogo ya kira Likita, yau ba wanda zai fita. Aka tura naman ta taga, Baƙuwa ta zo ta kwanta a gabansa, ta juya kunnuwa.

"Ku duba kunnenta," na ce. "Ba bakinta ba."

Suka duba. Na ciro makulli na ƙwanƙwasa a gabansu. Ta hau ci.

Dogo ya ce, "Shi ke nan? Wannan ne yaren?"

"Shi ke nan."

Likita ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon zakanyar, sannan ta ce, "Wannan ba kewa ba ce. Horo ne. Wa ya koya mata?"

"Ni."

"Da me?"

"Da sandar ƙarfe. Da tiyo."

"A ina kake dukanta?"

"A hanci."

"Tabon da ke kan hancinta, wanda na rubuta a fayil cewa gogar ƙarfen keji ne?"

"Ni ne."

Na ba su labarin wasan ƙarfe huɗu, da ƙararrawar da aka jefa a sito, da Shiru-Shiru, da dalilin da ya sa na daina zuwa hutu. Ban rage ba, ban ƙara ba, wanda a wurina ba ƙaramin aiki ba ne.

"Kwana tara, Baba," ta ce. "Kana gida ka sani. Saura kwana biyu in harbe ta da allura in nemi ciwon da babu shi. Da ta mutu a hannuna, har in mutu ina cewa ni na kashe ta."

"Haka ne."

"Na tsaya gaban mutane na ce ba ka taɓa ɗaga wa dabba hannu ba."

"Ai jawabin ne ya yi daɗi da yawa, 'yata. Da kin rage masa gishiri, da na iya magana."

Ta juya ta fita. Na ce a raina shi ke nan, gobe har mai gadi ba zai amsa gaisuwata ba. Ni da Dogo muka tsaya muna sauraren ƙarar ƙashi. Can ya ce, a hankali, "Baba, nuna mini."

Muka yanko wani ɗan guntun nama, muka jira ta gama, muka tura. Ta kwanta. Dogo ya ɗauki makullinsa ya buga sakata sau uku a jere. Ko motsi ba ta yi ba.

"Kana bugawa kamar wanda ya matsu a ƙofar banɗaki. Biyu, ka numfasa, sannan ɗaya."

Ya sake. Ya yi saurin na ukun.

"Takarda biyu gare ka, ka kasa ƙirga uku? Numfasa, na ce. Ja iska har ciki."

A karo na huɗu ya dace. Baƙuwa ta lashe naman, ko kallon inda nake ba ta yi ba. Shekara goma sha bakwai muna tare, ashe duk wanda ya iya bugu uku ya isa. Na ɗan ji zafi, amma kaɗan.

Sai ga Likita ta dawo da littafi da biro da kujeru biyu na roba. Idonta ya yi ja, amma muryarta ta daidaita.

"Zauna, Baba. Har yanzu ina fushi da kai, kada ka ɗauka ya wuce. Me kuma babu a fom?"

"Na Baƙuwa?"

"Na kowa."

Nan fa aka zo inda na fi ƙarfi. Na gaya mata tsohon kada ba ya fitowa daga ruwa in ya ga mai jar riga, saboda masu jajayen riguna ne suka ɗaure shi ranar da aka kawo shi. Jimina mace in ta fara tsige gashinta, ba cuta ba ce, ƙarar injin yankan ciyawa ce, a yanka nata gefen da hannu. Birin nan da aka cire wa kwat har yau in ya ga kofi a hannun mutum sai ya kama rawar jiki, don da bulala aka koya masa riƙewa, wannan kuwa ba ni ba ne, amma ina wurin. Ta cika shafi bakwai. Biro ya ƙare, Dogo ya ba ta nasa.

Da ta gaji ta jingina ta ce, "A makaranta an koya mana cewa da can masu mulki ne ke tara namun daji don baƙo ya gani ya ji tsoro. Daga baya aka buɗe wa kowa ya zo ya yi kallo ya yi dariya. Mu yanzu muna cewa don kada irinsu ya ƙare a duniya muke tsare su. Na tabbata waɗanda za su zo bayanmu za su dubi wannan fili da nake alfahari da shi su ce kurkuku ne mai ciyawa."

"To ki bar musu fom mai faɗi," na ce.

Ta yi dariya ba ta shirya ba. Sannan ta ce wa Dogo ya ci gaba da ƙwanƙwasawa kullum, amma duk bayan 'yan kwanaki ya rage ƙarfin bugun, ya kuma riƙa ja da baya daga tagar. "Ina so kafin ta mutu ta ci abinci ko sau ɗaya ne ba tare da ta nemi izinin kowa ba."

"Ba za ta yi ba," na ce. "Ni na koya mata. Abin da na koyar ba ya goguwa."

"Za mu gani, Baba."

Aka yi mini aikin ido. Likitan ya ce bai taɓa ganin mai taurin rai irina ba, ko dai abin da ya faɗa ya yi kama da haka. Mako biyu ina kwance da bandeji, kullum ƙarfe huɗu da kwata Dogo ya kira waya ya ce, "Ta ci," in ce, "Ka numfasa kafin na uku?" ya ce ya numfasa. Ba wanda ya daina gaishe ni. Masu shara ma da labarin ya kai musu, cewa suka yi ƙarya ne, Baba yana ɓoye asirinsa ne kawai.

Sai da na yi wata biyu kafin 'yata ta yarda in koma. Na sa baƙin tabarau, na shiga ta ƙofar 'yan kallo kamar kowa. Da sabon idon na ga ashe ciyawar filin ta fi yadda na zata kore. Baƙuwa na kwance a kan dutse, ta yi ƙiba, ƙafa ɗaya na lilo. Wani mutum kusa da ni yana ce wa ɗiyarsa ta yi magana a hankali, kada ta tashe ta. Na dube shi sosai, don a zamanina da shi zai fara neman kara.

Dogo ya hango ni ya ja ni ta baya. Yanzu a fili suke ba ta abinci, ta wata taga da ke kallon ciyawa. Likita na tsaye da littafinta.

"Baba, tsaya nan. Kada ka taɓa komai, kada ka yi tari."

Ya tura naman, ya sa hannuwansa duka biyu a aljihu. Baƙuwa ta sauko daga dutsen, ta zo ta kwanta a gaban naman, ta juya kunnuwa baya. Muka yi tsit. Hannuna ya kai kan makullina a aljihu, Likita ta riƙe mini gwiwar hannu. Na ƙirga numfashina har ashirin da biyar. Sai zakanyar ta waiga ta dubi tagar, ta dubi naman, ta miƙa ƙafa ɗaya a hankali ta jawo shi, ta runtse ido tana jiran abin da zai sauka a hancinta. Ba abin da ya sauka. Ta buɗe ido, ta ɗauki naman ta tafi da shi ƙarƙashin itace.

"Yau kwana shida ke nan," in ji Dogo. "Ran farko sai da ta yi kusan awa ɗaya tana jira."

Na cire tabarau na goge idon, don likita ya ce zai riƙa ruwa in iska ta taɓa shi.

"Shekara goma sha bakwai na tarbiyya," na ce, "kun lalata mini a wata biyu."

"Mun lalata, Baba," in ji Likita.

"To a kawo mini kujera. Ba ta cin ƙashin sai ta gama da tsoka, kuma tana daɗewa."